Gadu Mai Zaman Mutum Biyu

A layinmu akwai wani mai yin kujerun kushin da muke kira Maharbi. Ba don ya taɓa harbin wani abu mai rai ba. Bindigar da na san ya iya riƙewa ita ce wadda yake harba 'yan ƙusoshi da ita a jikin katako in yana ɗaure yadin kujera. Sunan kuwa shi ya raɗa wa kansa, mu kuma muka karɓa don mu huta. Ni mai gyaran rediyo ne, bango ɗaya ya raba shagona da nasa, shagon mai aski kuma yana tsallaken titi yana kallonmu. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa, ko dai na gani da idona, ko ya shigo mini ta bango.

Aikin hannunsa kam ba a magana. In ya yi maka kujera, baƙo zai zauna ya manta hanyar gidansu. Matsalarsa biyu ce, bakinsa da abin da ke saman bakin. Gashin baki gare shi, baƙi wuluk, mai kauri, ya tafi dama da hagu sannan ya lanƙwasa sama kamar hannun keke. Tun yana saurayi reza ba ta taɓa wurin ba. Kullum da safe kafin ya buɗe shago sai ya ɗiga masa man keken ɗinki, ya taje shi da wani ɗan mataji da ke zama a aljihunsa na gaba. In zai yi ƙaramar ƙarya, ɓangaren hagu yake murzawa, in babba ce, na dama. Na daman ya fi sheƙi.

Wata rana da hantsi aka ɗauke wuta, duk muka taru a shagon mai aski muna zaman jira. Akwai Kawu, wani tsoho da babu ko sili ɗaya a kansa amma kullum yana shagon askin. Akwai kuma direban babbar mota da ya dawo daga tafiya. Shi ne ya zaro waya ya ce mu zo mu ga ikon Allah.

Hoto ne na wani mafarauci a wata ƙasa, ya durƙusa a bayan wani gadu da ya kashe, wato aladen dajin nan mai haure. Mutumin bai kai tsawon kunnen dabbar ba.

Kawu ya matso da wayar har tana taɓa hancinsa. Ya ce, “Wannan ai ba gadu ba ne, ciki da falo ne.”

Mai aski ya leƙa sau ɗaya ya taɓe baki. Wani siriri ne mai ɗan tsinin gemu, wanda bai yarda da komai ba a duniya. Ko agogon bangonsa ya duba sai ya tambayi wani ƙarfe nawa.

Ya ce, “Ƙarya ce. Dabbar da ta kai haka me take ci? A ina take kwana? Wa ya ɗauko ta?”

Direba ya ce, “An ce sai da aka kawo motar ɗaga kaya.”

“Wa ya ce?”

“Wanda ya turo mini.”

“Shi wa ya gaya masa?”

“Surukinsa.”

“Surukin yana wurin?”

“Ba ya wurin, amma mutumin kirki ne.”

Nan musu ya kaure. Direba ya rantse ya taɓa cin karo da irinsa a hanya, sai da ya sauka daga titi ya ba shi wuri. Kawu ya ce a zamaninsu dabbobi sun fi haka girma, taki ne ya lalata su. Mai aski ya ce ko an haɗa hoton da na'ura, ko an yi wata dabara, shi dai ba ya saye. Duk wannan Maharbi yana jingine da ƙofa yana sauraro. Can ya miƙa hannu aka ba shi wayar, ya duba a wulaƙance, hannunsa ya tafi ɓangaren dama.

Ya ce, “Allah sarki. Wannan ai jariri ne, ko yaye shi ba a yi ba.”

Ya mayar wa direba wayarsa, ya ci gaba.

“Wanda na kashe shekarun baya, sai da na hau tsani kafin na ga ɗaya idon. Haurensa guda mutanen wurin suka ɗora a kan rafi, har yau a kai suke tsallakawa.”

Mai aski ya ce, “A wane daji?”

“Ba ka san shi ba.”

“Ina hoton?”

“Lokacin hannuna duk biyu suna riƙe da bindiga, da me zan ɗauka?”

“To ai dajin bai ƙaura ba, kuma gadun yana da dangi. Ka koma ka kashe ƙaninsa, ka kawo mana hoto kafin watan nan ya ƙare. In ya fi na wayar nan girma, in aske gemuna da hannuna a bakin titi. In ba ka kawo ba...” Ya ɗaga injin askinsa ya nuna saman leɓen Maharbi. “Wannan tsintsiyar tawa ce.”

Da mai hankali ne, dariya zai yi ya ce wasa yake. Maharbi ya buga ƙirji, ya miƙa hannu, Kawu ya raba. Yana fita aka kawo wuta.

Da azahar matarsa ta kawo masa abinci, labari ya riga ta isowa. Ta bango na ji ta.

“Baban yara, me ya kai ka? Kai da ɓera ya shigo shagon nan ka hau kan tebur?”

“Saiti nake nema. Daga sama ake auna dabba.”

“Ka je ka ba mai aski haƙuri tun da wuri. Ni kaɗai na san abin da ke ƙarƙashin gashin nan, a hoton makarantarku na gani. Ka rufa mana asiri.”

“Mace ba ta san farauta ba.”

“Kai ma haka,” in ji ta, ta ajiye kwano ta fita.

Kashegari ya ari bindiga wurin mai gadin layinmu, wata tsohuwar bindiga da aka ɗaure bakinta da waya, wadda mai gadin ke amfani da ita wajen tokare ƙofa. Ya ɗaura ɗamara da igiyar labule, ya bi ta gaban kowane shago a hankali don a gan shi, ya nufi gonakin bayan gari. Da la'asar ya dawo ba bindiga, takalmi ƙafa ɗaya, wandonsa ya yage tun daga gwiwa har inda ba a faɗa. Ya tsaya a tsakiyar titi ya ce mu zo mu ga aikin haure. Ya ce sun yi gaba da gaba da ƙanin wancan gadun, sun yi kokawa, dabbar ta ga ba riba ta haɗiye bindigar ta gudu.

Direba ya ce, “Kun gani ko? Na gaya muku akwai su.”

Da safe sai ga wani manomi ya shigo layin da bindiga a kafaɗa da takalmi a hannu, yana tambaya ina ne shagon mai gashin bakin nan da bunsurunsa ya tsare a kan bishiya jiya. Ya ce a yi haƙuri, bunsurun ba shi da faɗa, igiyar labulen yake so ya ci.

Mai aski ya fito da inji a hannu yana ɗiga masa mai. Ya ce, “Maharbi, an amayo bindigar.”

“Bunsurun daga baya ya zo. Gadun ya riga ya tafi.”

“To. Wata dai yana tafiya.”

Tun daga ranar, duk lokacin da Maharbi ya ɗaga kai daga aiki sai ya hangi mai aski a ƙofa yana wasa reza a tafin hannu yana masa murmushi. Abinci ya daina shiga. Na ji tausayinsa, wallahi, don na ga yana taje gashin nan a hankali, irin yadda ake shafa kan mara lafiya.

Mai hoton ƙarshen layi ne ya kawo masa mafita. Tun da kowa ya samu waya kasuwarsa ta mutu, ba abin da yake ɗauka sai hoton fasfo, saboda haka yana da lokacin shiga abin da ba ruwansa. Ya shigo shagon kushin ya rufe ƙofa. Akwai wani rami a bangonmu inda wayar lantarki ta ratsa, ni kuma ba na son a bar rami ba aiki.

Mai hoto ya ce, “Yaya, abin nan dabara ce tsohuwa. Dabbar ake kawowa dab da kyamara, shi kuma mafaraucin ya koma can baya da nisa ya durƙusa, ya ɗaga hannu kamar ya dafa ta. A hoto sai ka ga kamar suna tare. Abin da ke kusa ya yi girma, na nesa ya ƙanƙance. Da kyanwa ma sai in mayar maka da ita zaki.”

“Na sani,” in ji Maharbi. “Ina gwada ka ne.”

“Saura gadun. A ina za mu samu?”

Maharbi ya dubi tarin soso a lungu, ya dubi katako, ya dubi wani yadin karan-miski ruwan ƙasa da ke naɗe a kan kanta. Yadin na wata Hajiya ce mai gidan bene, ta aiko da shi a yi mata kujera mai zaman mutum biyu, za ta yi baƙi daga nesa. Na ga fuskarsa ta washe.

Kwana da kwanaki shagon yana rufe, sai ƙarar zarto da ta bindigar ƙusa. Ya sayo ƙahon saniya biyu wurin mahauci ya kankare su suka zama haure. Ya yi idanu da murfin kwalba, ya yi wutsiya da ragowar igiyar labulen da bunsuru ya bari. To amma hannun da ya shekara talatin yana yin kujera ba ya jin magana. Da ya zo bayan dabbar sai ya ga ai ba a barin wurin zama da tauri, ya sa sifirin. Da ya ja yadi ya ga yana tattarewa, ya kafa masa maɓallai layi biyu, reras. Da ya zo ƙafafu, ya ɗauko irin na katakon nan masu murɗe, ya goge su da man sheƙi. Da ya gama ya zauna a kai ya yi tsalle sau biyu ya gyaɗa kai, sannan ya naɗe gadun gaba ɗaya da leda, don a tarihin shagonsa sabon aiki bai taɓa fita tsirara ba.

Mai amalanken da ke kai masa kaya gidajen mutane ya zo, aka ɗora, aka lulluɓe da tsohon zanin gado. Maƙwabta suna ta “Allah ya sa albarka, an gama ta Hajiya ke nan?” Maharbi yana amsawa da ka. Suka nufi wani fili mai ciyawa a bayan gari, mai hoto yana biye da jakarsa. Abin da ya faru a can daga bakin mai hoto na ji, kuma ya ba ni labarin yana share hawaye.

Da aka yaye zanin, mai hoto ya ce, “Yaya, a cire ledar.”

“Ƙura za ta ɓata yadin.”

“Gadu ba ya yawo a cikin leda.”

Da ƙyar aka cire. Mai hoto ya zagaya shi ya ce a kwantar da shi a ciyawa yadda maɓallai da ƙafafun za su ɓuya. Ya ce fuskar ce ta yi sumul da yawa, gadu na gaske yana da gashi a gefen baki, amma ba komai, zai rage haske. Ya kwanta rub da ciki da kyamara dab da hancin dabbar, ya ce Maharbi ya yi ta ja da baya har sai ya ce ya tsaya. Maharbi ya ja, ya ja, ya durƙusa, ya ɗaga hannu. Aka ɗauka.

Mai hoto ya ce hoton da ya fito ya fi na wayar direba ban tsoro. Gadun ya cika wuri kamar tudu. Ya kira Maharbi ya zo ya gani, yana jiran yabo.

Maharbi ya duba, ya ƙara dubawa. Ya ce, “Ina nake?”

“Ga ka nan a bayansa.”

“Wannan ɗigon? Ina gashin bakin?”

“Ga shi nan, in ka lura.”

“Wannan ai ƙafar ƙuda ce! Kana so a ce wani ne ya kashe? Hoton wa aka zo ɗauka, nawa ko na dabba?”

“Yaya, ai ƙanƙantarka ita ce girmansa.”

“Ni ban taɓa zama a bayan kowa ba, ba kuwa zan fara da alade ba. A mayar da shi baya, ni in dawo gaba.”

Mai hoto ya yi bayani, ya zana a ƙasa da tsinke, ya roƙe shi don Allah. Maharbi ya ce shi ya san hoto tun kafin a haifi mai hoto. Aka ja gadun can baya. Shi kuma ya zo dab da kyamara, ya taje, ya murza dama da hagu, ya rungume bindiga, ya zare ido. Da aka nuna masa wannan, bai dubi komai ba sai fuskarsa. Ya ce, “Yauwa! Yanzu ka yi aiki. A wanke shi babba, a sa a firam.”

Ya ce wa mai amalanke ya mayar da kaya, shi zai bi mai hoto. Bai ce a mayar ina ba. Shi kuwa mai amalanke, shi ne ya ɗauko yadin nan daga gidan Hajiya da hannunsa, kuma a iya saninsa, in an gama aiki an naɗe da leda, gidan mai yadi ake kaiwa. Ya mayar da ledar tsaf, ya lulluɓe, ya kama hanya.

Da la'asar shagon mai aski ya cika har waje. Mai faci ya bar taya, mai kanti ya rufe kanti, mata suna leƙe daga tsallaken titi. Maharbi ya iso da sabuwar riga, firam a hammata naɗe da takarda. Ya ce a kawo kujera ya hau. Ya ce wa mai aski ya yi bankwana da gemunsa. Sannan ya yage takardar ya ɗaga hoton sama.

Fuska ce ta cika firam ɗin, gashin baki daga wannan gefe zuwa wancan, har ana ganin sheƙin man keke.

Kawu ya ce, “Masha Allah, ka yi kyau. Ina gadun?”

“Ga shi nan.”

“Ina?”

Direba ya matso ya sa yatsa. “Ko wannan ne a kusa da kunnenka? Na ɗauka ƙuda ne ya sauka a gilashin.”

Mai faci ya ce ɓera ne. Mai kanti ya ce a'a, gafiya ce, ɓera ba ya da haure. Wata mata daga waje ta ce a ba ta in ya haihu, yaranta suna son abin wasa.

Maharbi ya sauke hoton ya duba, a karo na farko ya dubi abin da ba fuskarsa ba. Amma bakin bai mutu ba.

Ya ce, “Jahilci ne ke damunku. Nisa ne ya sa ya ƙanƙance! Ba ku san abin da ke nesa da kyamara ƙarami yake fitowa ba, na kusa kuma ya yi girma? Da shi aka sa a gaba ni a baya, da kun ga tudu. Haka duk mafarauta suke yi!”

Mai aski ya ajiye almakashi a hankali. Ya ce, “Maimaita.”

“Na ce haka duk...” Ya tsaya.

“Jama'a kun ji. Haka duk suke yi. Direba, kawo wayar nan.” Aka sake duba hoton farko, sai ga shi kowa ya ga ciyawar da ke gaban dabbar ta fi ƙafar mafaraucin kauri. Direba ya ce shi dama tun farko bai gama yarda da surukin nan ba.

Maharbi ya ce, “Nasu na ƙarya ne, nawa na gaske ne. Da za ku ga gadun da idonku, da wasunku sun suma.”

Bai rufe baki ba aka ji ƙarar amalanke da muryar mace a kansa. Taron ya dare. Hajiya ce a gaba, mayafi ya zame, mai amalanke a baya yana tura kaya yana rantsuwa shi abin da ya saba ya yi.

“Ina mai kushin? Ina yake? Kai! Ina zaune da baƙina, na ce su tashi ga sabuwar kujera ta iso, aka shigo da ita har tsakiyar falo, aka yaye, sai ga alade! Alade a falona! Ƙanwar maigidana ta fita ta taga!”

Ta fizge zanin. Ga gadu nan a cikin leda, haure a sama, ido na murfin kwalba yana kallon jama'a, maɓallai layi biyu suna ƙyalli.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai faci ya kwanta a titi. Aka sauke dabbar a ƙofar shago, Kawu ya zagaya ta, ya danna bayanta da hannu, ya juya ya zauna. Ya lumshe ido.

Ya ce, “Kai, wannan gadun ya ji sifirin. Direba, zo, akwai wurin mutum ɗaya.”

Maharbi ya ce, “Wannan samfuri ne. Na yi shi ne don in nuna muku siffar na gasken.”

Hajiya ta ce, “Da yadina?”

“Kalar ce ta zo daidai, Hajiya.”

“To ka nemo wani yadin ka yi mini kujerar mutane. Wannan kuwa ko a kyauta ba zai kwana a gidana ba.”

Mai aski ya ce a bar masa, dama bencin jiransa ya karye. Sannan ya ce Kawu ya ɗan tashi. Ya kakkaɓe mayafin aski, ya nuna wa Maharbi bayan gadun.

Maharbi ya dubi titi, jama'a sun toshe. Ya dubi matarsa da ke tsaye a tsallake, ta ja gyale ta rufe fuska. Ya zauna. Aka ɗaura masa mayafi a wuya. Ya ce a bar shi ya taje sau ɗaya, aka bar shi. Injin ya yi ƙara, na dama ya fara faɗowa, sannan na hagu.

Abin da matarsa take ɓoyewa ya fito fili. Wani ɗan mitsitsin baki ne a wurin, tsukakke, kamar na jaririn da aka cire wa nono. Dariyar ma sai ta tsaya. Kawu ya leƙa ya ce, “Ikon Allah. Duk ta nan suke fitowa?”

Mai aski zai share gashin, mai hoto ya ce a dakata. Ya tsallaka shagon kushin ya ɗauko gam, ya yage ledar, ya liƙa na dama a kumatun gadun na dama, na hagu a na hagu. Kowa ya ja da baya. Wallahi sai dabbar ta tashi daga kujera ta zama abin tsoro. Mai hoto ya ce ba zai bar wannan ya wuce ba, ko sau ɗaya a yi abin yadda ake yi. Aka kinkimi gadun zuwa ciyawar bayan shaguna, aka ba mai aski bindigar mai gadi don wasa, ya koma can baya ya durƙusa yana dariya, aka ɗauka. Direba ya ce a tura masa hoton, zai aika wa surukin nan ya ga yadda ake yi.

Bayan 'yan makonni Maharbi ya gama kujerar Hajiya, ya rage fita, in zai yi magana yana sa hannu a baki. Gadun yana shagon aski a jikin bango, an rataya tawul a haurensa har ya rufe fuskar, mutane suna rububin zama a kai. Rannan muna zaune sai ga wani baƙo, ɗan kasuwa daga wani gari, ya shigo aski. Ya zauna a kan gadun yana jiran layi, ya zaro waya.

Ya ce, “Kun ga abin da ke yawo kuwa? Wani gadu aka kashe, an ce sai da aka kawo motar ɗaga kaya.” Ya dubi wayar, ya dubi mai aski, ya miƙe zumbur. “Kai! Ba kai ne wannan ba?”

Muka zuba wa mai aski ido, mutumin da bai yarda da agogonsa ba. Ya dubi hoton, ya dubi yadda baƙon ke kallonsa. Sai na ga hannunsa ya tafi gemu yana shafawa.

Ya ce, “Wannan ai ƙaramin ne.”

Maharbi ya daka tsalle. “Ƙarya ne! Soso ne da katako! Ni na yi shi da hannuna! Yanzu ka tashi daga kansa!” Ya fizge tawul ɗin, fuskar gadun ta bayyana.

Baƙon ya duba, ya duba wayarsa, ya gyaɗa kai. Ya ce, “Allah sarki, har kujera aka yi don tunawa da shi. An yi ƙoƙari, amma bai kama ƙafar na gasken ba. Na hoton ya ninka wannan sau goma. Dubi gashin fuskarsa ma a hoton, irin wannan ba a yin sa da hannu.”

“Gashin nan nawa ne!”

Baƙon ya dubi ɗan bakin nan sumul, ya ce, “Malam, hassada ba ta da kyau. Kai ka taɓa shiga daji kuwa?”

Maharbi ya juyo gare mu yana neman shaida. Kawu yana gyangyaɗi, direba yana cewa shi dama ya san akwai su. Tun da na san mutumin nan, ranar ce ya fara faɗin gaskiya tsantsa a shagon aski. Hannunsa ya tashi da kansa zuwa saman leɓe, ya je dama, ya dawo hagu, ya tsaya a tsakiya ba abin kamawa. Mai aski ya kakkaɓe mayafi ya ce wa baƙon ya zo ya zauna, zai ba shi labarin yadda aka yi.